Farar Ƙasa a Kan Sunan Kofur Habila

Ku da kuke wuni gaban kwamfuta kuna danne-danne, allo yana fitowa daga inji kamar ana kwashe waina, na ji abin da kuka faɗa jiya da na wuce ƙofar shagonku. Ido ne ya raunana, kunnena yana nan garau. Ɗayanku ya ce wai aikin Baba Ishaya ba aiki ba ne, shafa fenti ne kawai, ko ɗan firamare zai iya. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Ku jawo bencin nan cikin inuwa ku zauna, tunda an ɗauke wuta injinku ya yi shiru.

A hannun Oga Bulus na koyi rubutun allo, a nan Kafanchan, bayan tashar jirgi. Shi a reluwe ya koya, shi ne yake rubuta sunayen tashoshi da lambobin taragu kafin ya buɗe shagonshi. Gajeren mutum ne, ga faɗa, ga tsabta har ta yi yawa. Da babana ya kai ni wurinshi ko fuskata bai kalla ba, hannuna ya kama ya juya shi ciki da baya, ya ce in miƙe shi in riƙe a sama. Na riƙe har kafaɗata ta fara zafi. Sai ya ce wa babana, "Ba ya rawa. Ka bar shi."

Shekarata ta farko ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Wanke buroshi nake yi. A wanke da kananzir, a sake wankewa da sabulu, a matse gashin da yatsu biyu har bakinshi ya dawo siriri, a ɗan shafa mashi man gyaɗa, a kwantar da shi. Wanda ya tsayar da buroshi a kan gashinshi cikin gwangwani, ranar sai kunnenshi ya gaya mashi. Ni ne mai tace fenti da tsohuwar safar mata don kada gudaji ya shiga. Ni ne mai goge farantin ƙarfe da sanfefa har zanen yatsuna ya shafe, in bi shi da jan fentin hana tsatsa, in jira ya bushe, in sake bi. Layi kuma da igiya muke fitarwa: a shafe ta da alli, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, a ɗaga tsakiyarta a sake, ta bugi allo ta bar layi miƙaƙƙe. Akwai wata sanda mai ƙullin tsumma a kai da muke dogara ta jikin allo mu ɗora wuyan hannu a kanta. Ga ta can rataye, ta girmi uban kowannenku.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne allon hanya. Allon shago mutum yana tsaye yake karanta shi, ko ka cika shi da surutu zai bi a hankali. Mai mota kuwa kallo ɗaya zai yi ya wuce. Oga Bulus yakan jingina allo a ƙarshen layinmu, ya ba ni kekenshi ya ce in taho da gudu in wuce, in dawo in gaya mashi abin da na karanta. In na yi inda-inda, sai ya tsoma tsumma a kananzir ya shafe aikin wuni guda ba tare da ya ce komai ba. Daga nan na gane tazarar da ke tsakanin haruffa ta fi haruffan kansu wahala. Ba da ma'auni ake yinta ba, da ido ne.

Hanyar farko da na sa hannu a allon sunanta wani yanki ne a hanyar Madakiya, wanda aka sa wa sunan Malam Yakubu Dispensa. Ma'aikacin lafiya ne da ya ƙare ƙuruciyarshi a kan keke, daga wannan ƙauye zuwa wancan, yana fama da masu ƙyanda da waɗanda maciji ya sara. Bayan rasuwarshi hukuma ta ce a tuna da shi. Oga ya zana haruffan da alli, ni na cike su, karo na farko ke nan da ya yarda da ni. Ranar buɗewa aka rufe allon da farin ƙyalle, manya suka yi jawabi, matan zumuntar majami'a suka yi waƙa, aka ja igiya ƙyalle ya faɗi, aka tafa. Ni dai ƙirjina ya cika. Muna dawowa a kan keke, ina bayanshi riƙe da akwatin kaya, sai Oga ya ce, "Kada ka yi murna tukuna. Mu a ƙarfe muka rubuta. Sai ranar da ka ji kwandasta yana kiran sunan a tasha, ranar ce aikin ya kama." Wannan kam ya kama rabi. Har yau za ku ji fasinja yana cewa a sauke shi a Dispensa. Yakubun ya faɗi a hanya, amma ko banza an tsira da wani abu.

Bayan wannan na rubuta sunaye da yawa a bakin hanyoyin ƙasar nan. Hedimasta, alƙali, nas, injiniyan ruwa, ɗan sandan da 'yan fashi suka harbe a kan aiki. Iyalan mamaci su ne kwastomomi mafi wuyar sha'ani, kuma ba na ganin laifinsu. Wani ɗa ya taɓa zuwa daga Kaduna yana so in jera duk digirorin babanshi da sarautarshi da muƙaminshi a majami'a a kan allo ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, in na sa duka, direba sai ya yi fakin ya sa tabarau. Muka yi ta ja har ya yarda da suna da aiki kawai, ya fita yana ƙunƙuni. Daga baya ya aiko mini da zakara.

Na Kofur Habila Dogo ya zo bayan Oga Bulus ya rasu, shagon ya dawo hannuna. Soja ne, ɗan wani ƙauye a hanyar Kwoi. A faɗan arewa maso gabas aka kashe shi, aka binne shi can tare da abokan aikinshi yadda tsarin soja yake. Hukuma ta ware mashi yankin hanya daga wata 'yar gada zuwa mararrabar ƙauyensu. Na zaɓi farantin da ya fi kowanne kauri a kasuwa, da bututu biyu masu nauyi, na kai wa mai walda na tsaya a kanshi har ya gama. Kore na yi ƙasan, haruffan farare. Ban taɓa yin allon da ya kai shi kyau ba, kuma ba yabon kai nake yi ba.

Ranar buɗewa sojoji suka zo, aka busa begila, aka yi addu'a. Da aka watse zuwa wurin abinci, ina tattara kayana, sai wata 'yar tsohuwa cikin zanen zumunta ta tsaya kusa da ni. Na gan ta ɗazu a kujerar gaba, an ce ita ce uwar mamacin, Mama Rifkatu. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce na ƙauye.

"Kai ne fenta?"

"Ni ne, Mama. Sannu da haƙuri."

"Ni ne na haife shi," ta ce. "Ban yi makaranta ba. Ka nuna mini wane wuri ne sunanshi."

Na kawo akwatin kayana ta taka, na kama hannunta na ɗora a kan harafin farko. Rubutun hannu yana da baki, inda fenti ya tsaya yakan ɗan tashi, yatsa yana jin shi. Ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya ina faɗa mata, har ta kai ƙarshe, ta sake dawowa farko. Ba ta yi kuka ba. Da ta sauko sai ta ce, "Babanshi yana bayan ɗaki. Kakanshi yana bayan ɗaki. Shi kaɗai ne bai dawo gida ba. Sun kawo mini akwati da takalmi." Ta dubi allon ta ce, "A nan za su bar shi?"

Na ce a nan zai zauna, Mama, wannan ƙarfen sai ya ga jikokinki.

Daga ranar duk lokacin da na bi hanyar sai in ga gindin allon a share, ba ciyawa ko ɗaya. Wani lokaci in hango ta da tsintsiya, wani lokaci tana zaune a kan dutse kusa da shi da 'yar fartanyarta, ta dawo daga gona tana hutawa. Ku kun sani, mu a nan mamacinmu a gida muke ajiye shi, inda za ka fito da safe ka gan shi. Ita ba ta da inda za ta je ta tsaya, sai wannan allon.

Sai muguwar shekara ta zo. Abu biyu suka haɗu mana. Na farko injinan buga bana, wato allon leda, irin naku suka shigo gari. Cikin 'yan watanni majami'u da makarantu da 'yan siyasa duk suka koma can, don a wuni ɗaya an gama, ga hoto, ga kala. Ina zaune a shagon nan daga safe har yamma ba wanda zai ce mini ko lambar gida rubuta mini. Fenti ya yi fata a gwangwani. Da kaka sai da na tafi Kwoi ina tsaga citta a gonar mutane, ni da hannun da Oga Bulus ya ce kada in yarda ya ɗauki abin da ya fi buroshi nauyi. Na biyu kuma, tsohon ƙarfe ya yi daraja. 'Yan jari-bola suka fara saye a kan kilo, ɓarayi suka shiga bin hanya da zarton ƙarfe. Murfin kwalbati, ƙarfen gada, allon makaranta, ba abin da suka bari. Kuma da masu nauyi suke farawa. Allunan da aka yi wa aikin ha'inci da falle-fallen kwano suna nan tsaye suna kaɗawa a iska, nawa kuwa da na zuba musu ƙarfe na gaske, su aka fara kwashewa. Na Dispensa ya tafi, na hedimasta ya tafi. Aikin rabin rayuwata aka auna a sikeli.

Da damina ta kankama, wata rana ana yayyafi, ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar nan. Mama Rifkatu ta sauko, zanenta sharkaf. Na ba ta kujera ta ƙi zama.

"Fenta, sun ɗauke shi."

Na riga na sani, na ga guntayen bututun biyu a ƙasa tun makon da ya wuce, na rasa yadda zan je in dube ta.

"Da aka binne shi ban gani ba," ta ce. "Wannan ma ban gani ba. Na je da safe da tsintsiya, babu kowa."

Na je ofishin hukuma na kai maganar. Aka ce a yi haƙuri a jira, allunan da aka sace suna da yawa, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai na san ko an sake ba ni farantin ƙarfe, wata ɗaya ba zai yi ba. Sai na ce mata a yi na siminti, wanda ba mai saye a kilo. Matan zumuntarsu suka kawo siminti, samarin ƙauyen suka ɗebo yashi a rafi, wani birkila ya gina ginshiƙi mai faɗi da ya kai ƙirjina tsawo, ya yi mashi filasta mai kauri.

Rubutu a siminti wani aiki ne daban. Ba ka da damar gogewa. In ka yi gaggawa yana da ruwa, bakin harafi zai zube, in ka yi jinkiri ya ƙi karɓar ƙarfe. Sai ka riƙa taɓa shi da ɗan yatsa har ya yi kamar tuwon acca da ya fara hucewa. Da mariƙin cokali na sassaƙa haruffan, wanda na daddale na wasa bakinshi. Na zurfafa su sosai, na bar shi ya bushe, na dawo na cike ramukan da baƙin fenti. Da na ja baya tsakiyar titi na duba, rubutun yana karantuwa daga nesa yadda ake so. Amma abin da na gani a tsaye a bakin hanyar nan, kan kabari ne sak. Ita kuwa ta zagaya shi, ta sa yatsa cikin ramin harafin farko, ta ce, "Yanzu ya zauna."

Cikin Disamba na shiga bas zan je Kwoi. Lokacin ne ake shanya citta a gefen titi, ƙamshinta yana shigowa ta taga. Muna haye 'yar gadar na leƙa in ga aikina, sai na ga ginshiƙin fari fat daga sama har ƙasa. Babu harafi ko ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka yaran 'yan siyasa ne suka shafe don su manna hoton ubangidansu. Na buga jikin mota na sauka, na nufi gidan Mama ina ta shirya abin da zan faɗa wa mai unguwa.

A bayan ɗaki na same ta, hannunta fari har gwiwa, ga bokitin farar ƙasa, ga guntuwar tsintsiya a ciki. Ta gama shafe kabarin mijinta da na surukinta, yadda kowane gida yake yi kafin Kirsimeti. Tana ganina fuskarta ta washe.

"Ka gani a hanya? Da shi na fara, kafin babanshi."

Na ajiye faɗan da na ɗauko. Na ce, "Mama, ya yi kyau. Amma kin rufe sunan."

"Ni na san sunan."

"Ba don ke kaɗai aka rubuta ba, Mama. Don masu wucewa ne, su karanta su san shi."

Ta ajiye tsintsiyar ta dube ni. "To in bar shi da datti ranar Kirsimeti, babanshi yana fes? Mutane su ce ba shi da kowa?"

Na nuna mata yadda za ta zagaye haruffan ta bar baƙin. Ta ce to. Shekara ta zagayo ta gwada, amma idonta ya tsufa, kuma tsintsiya ba buroshi ba ce, farar ƙasa ta gangaro ta shiga kowane rami, aikin ya fito dabbare-dabbare, sai ta ji kunyarshi ta shafe duka. Na ce in zo ni in yi mata shafen da kaina. Nan ne kawai na ga ta ɓata rai. Ta ce ba a ba baƙo wankan yaro alhali uwarshi tana da rai.

Haka muka raba aikin ba tare da mun zauna mun tsara ba. Ita ta shafe kafin Kirsimeti. Ta ce kada a taɓa shi sai an ci sabuwar shekara, yadda ake barin kaburbura. Ni kuma in biki ya wuce in ɗauki ƙusa da ɗan buroshi da gwangwanin baƙi, in je in ƙwaƙule farar ƙasar daga ramukan, in hure, in sake cika su. Tana zaune a kan dutsenta tana ba ni labarin Habila: yadda yake satar mata ƙuli yana yaro, yadda ya ƙi noman citta wai tana sa hannunshi zafi, yadda ya taɓa aiko mata da rediyo. In na gama ta sa yatsa ta bi haruffan, ta ɓata hannunta da ɗanyen fenti, in yi mata faɗa, ta yi dariya. Daga nan mu je gida ta zubo mini faten acca. Shekaru muka yi a haka, kuma a duk aikin da na yi a duniya ba wanda nake ɗokin zuwanshi kamar wannan.

Sai dai ku lura da lokacin. Yaushe hanyar Kwoi take cika? Daga tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara. Lokacin ne 'ya'yan ƙasar nan suke dawowa daga Kaduna da Abuja da Legas, motoci bi da bi, kowa idonshi a taga yana duba abin da ya canja. Kuma daidai lokacin ne ginshiƙin yake fari fat ba rubutu, yana ɗaukar ido tun daga kan gada. Sauran watanni sunan yana nan baƙi ƙirin, amma masu bin hanyar su ne 'yan kullum, waɗanda suka daina ganin abin da ke gefen titi. Baƙi suka fara kwatance da shi: in ka ga farin dutse, ka karya dama. 'Yan acaɓa suka ɗauka, direbobi suka ɗauka. Wata rana ina tasha na ji kwandasta yana kira, "Kwoi, Kwoi, Farin Dutse, saura mutum ɗaya." Na tsaya cak. Maganar Oga Bulus ta faɗo mini. Aikin ya kama, amma ba sunan da muka rubuta ba ne ya kama.

Ban gaya mata ba. Ban san ko ta taɓa ji ba, don ita da ƙafa take zuwa wurin.

Shekarar da yanar ido ta rufe ni aka yi mini aiki ana gab da Kirsimeti. Likita ya hana ni rana da ƙura da warin fenti. Na aika mata cewa zan makara, ta aiko da gaisuwa da ƙullin citta, ta ce yaro ba ya gudu, in warke tukuna. Kafin in warke ta kwanta ciwo, kafin ruwan farko ta tafi. Na je jana'izar da baƙin tabarau. A bayan ɗaki aka sa ta, kusa da mijinta. 'Yarta da ke aure a Kaduna ta kulle gidan ta koma. A hanyar dawowa na ga ginshiƙin da shafenta na ƙarshe, fari, ciyawa ta fara leƙowa a gindinshi. Na ce bari ido ya ƙara washewa in dawo. Ido ya washe, sai hannu ya fara wannan rawar da kuke gani. Ba wanda zan ɗora wa laifi, ba ita ba, ba kwandasta ba, shi ya sa abin yake cina.

Kwanan baya na ce ko ta halin ƙaƙa sai na je. Na shiga bas, muna kusa da gada na ce wa kwandasta, "Ɗana, ka sauke ni a Habila."

Ya waiwayo. "Ina ne haka, Baba?"

"Hanyar Kofur Habila Dogo. A kanta muke yanzu."

Ya tambayi direba, direba ya girgiza kai. Na nuna da hannu.

"Au, Farin Dutse kake nufi. Da ka faɗa tun ɗazu."

Na ce mashi ya san ko dutsen mene ne? Ya ce wai wani ne mota ta kaɗe a wurin tun da daɗewa. Wata mata a baya ta ce a'a, ita ta ji iyakar gona ce tsakanin ƙauyuka biyu. Duk motar ba wanda ya san Habila, kuma rabinsu 'yan yankin ne.

Na sauka na cire ciyawar da hannu. Farar ƙasa ta shekaru ta toshe ramukan, ido ba ya ganin komai, amma da na bi da yatsa na same su suna nan. Na ƙwaƙule harafin farko da ƙusa, ƙusar tana zamewa tana karce gefe. Na tsoma buroshi, na dogara sandata, na ɗora wuyan hannu yadda aka koya mini. Kafin in kai rabin harafin baƙin fenti ya fita daga rami ya gangaro a kan farin. Na tsaya ina kallonshi. Da Oga Bulus yana nan da bai ce komai ba, tsumma zai ɗauka. Ni ma tsumma na ɗauka, na tsoma a kananzir na goge. Na zauna a kan dutsen da take zama har wata mota ta zo.

Na san abin da za ku ce, na gan shi a bakin wancan mai jar riga. Za ku buga mini bana mai kyau da tuta da komai, a ɗaura a jiki. Na gode, amma rana za ta cinye ta kafin kaka, ta koma shuɗi-shuɗi, iska ta yage ta, wata mata ta ɗauka ta shanya citta a kai. Ba bana nake nema ba. Haruffan suna nan, ni na sassaƙa su, tazararsu daidai take. Hannu kawai nake nema wanda ba ya rawa, ya bi rami da buroshi ina tsaye ina nuna mashi. Ai kun ce ko ɗan firamare zai iya.

Ga shi an kawo wuta, na ga idonku duk ya koma shago. Ku je, kada aikin mutane ya makara. Ran Asabar da safe ina tasha, ƙusa tana aljihuna, baƙin fenti yana cikin jaka. In akwai wanda ya biyo ni, abu ɗaya nake roƙo. In mun kusa gada kada ya ce Farin Dutse. Ya ce a sauke mu a Habila, ko da kwandasta zai sake tambaya ina ne haka.